Kiwon Sanyi A Ƙasar Damargu

Duk wanda ya taɓa barin birnin Damagaram a tsakiyar bazara ya kama hanyar Agadas, ya wuce matatar mai ta SORAZ wadda aka buɗe a ƙasar Ollelewa cikin 2011, ya ratsa Tanut, ya yi ta nausawa arewa har gonakin hatsi suka ƙare, ƙasar Tenhiya ta buɗe a gabansa da rijiyoyinta masu zurfi da garkunan raƙuma da na shanu, to, wannan ba ya bukatar malamin da zai karantar da shi darajar ruwan sanyi. A can, kafin a tambayi baƙo daga ina, sai an tsiyayo masa ruwa daga salkar da ta wuni rataye a inuwa tana tsatsafo, iska na bugunta. Kuma duk da ɗan warin jima da ke cikinsa, ba na tsammanin akwai abin sha da ya fi shi saukar da rai a wannan sa'a. Abzinawa da Fulani da Hausawa da Barebarin da suka zauna Damargu sun san yadda ake lallashin zafi tun ba a ƙago inji ba.

Amma zamani ya zo da wani sanyi dabam. Wata rana cikin azumi, bayan la'asar, na ga wani saurayi ya tsaya da babur a bakin wata kasuwar ƙauye ta wannan yanki, ya kwance buhun da ya cusa wa ƙaiƙayi, ya shiga zaro ƙullin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rame, rabinsa ya koma ruwa cikin leda saboda nisan hanya. Duk da haka mutane suka yi masa zobe, kowa na miƙo 'yan kuɗinsa yana cewa a zaɓo masa mai ƙwari. Sai na tuna abin da malaman tarihi suka ruwaito, cewa a hajjin shekara ta 160 bayan Hijira an ɗauko wa Halifa Mahdi na Banu Abbas ƙanƙara har cikin Makka, shi ne kuwa halifan farko da aka yi wa wannan hidima, har abin ya isa a rubuta shi a littafi. Alfarmar sarakunan wancan zamani ce yau ɗan talaka ke goyo a bayan babur.

Wannan ƙanƙara a wani ɗaki aka daskarar da ita, cikin akwatin da mu a Nijar muke kira firigo, 'yan'uwanmu na kudu kuwa suke cewa firji. Kuma irin wannan akwati yanzu ya kai inda turakun lantarki ba su kai ba, domin allunan sola sun yi sauƙi, katsewar wutar da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agusta na 2023 kuwa ta koya wa mutanen birni ma dogara ga rana. Ana samunsa a ɗakin shan magani, da shagon mai cajin waya, da tsakar gidan matar da ke ƙulla zoɓo. Abin da bai biyo shi ba shi ne hannun da zai tashe shi in ya kwanta. Wanda ya sayi raƙumi a Damargu ya san wanda zai kira ya yi masa lalas in ya yi ciwo. Wanda ya sayi firigo a ƙasar Tenhiya ko ta Belbeji kuwa, ran da ya daina sanyi, sai dai ya ɗora shi a mota zuwa gari, ko ya biya wa mai gyara kuɗin zuwa da komawa, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai kai kwalin ashana ba. Mun sami sabuwar dabba, ba mu tanadi makiyayi ba.

Hikimar firigo kuwa ba baƙuwa ba ce ga mai karatu, domin ita ce dai hikimar randa. Ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, zafin nan kuma daga abin da ke kusa da shi yake cirowa. Saboda haka in ruwa ya tsatso ta jikin randa ko salka iska ta kwashe shi, da zafin na ciki yake tafiya. Da wannan marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya yi aiki cikin shekarun 1990, sa'ad da ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, har aka ba da labarin yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, aka kuma ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Cikin waɗanda suka fara cin moriyar dabararsa akwai 'yan matan da ake tura talla kullum don kada kayan lambu su ruɓe a hannu, waɗanda suka sami sararin zuwa makaranta da zarar kaya sun iya kwana. Sai dai tukunyar tana shan ruwa safe da yamma, ruwa kuwa a Tenhiya da jaki ko raƙumi ake jawo shi; kuma kome kyanta ba ta sauka zuwa sanyin da magani ke bukata.

Firigo randa ce wadda ba ta zubar da guminta. Maimakon ruwa, an kulle wani sinadari cikin bututu, mai tafasa tun a tsananin sanyi. Yana tafasa a bututun cikin akwatin, ya zuƙe zafin abin da aka ajiye, ya zama iska. Sai kwamfuresa, watau baƙar tukunyar ƙarfen nan mai gurnani a ƙasa ta baya, ta ja shi ta matse shi. Ya bi ta bututun baya ya saki zafin a ɗaki, ya koma ruwa. Sa'an nan ya kutsa ta wani siririn bututu mai kamar tsinke, matsinsa ya faɗi, ya sake shiga akwatin ya tafasa. Haka yake kewayawa dare da rana tun ran da aka ƙera shi. Daga nan mai hankali zai ciri wata fa'ida da za ta tsare masa aljihu: gas ɗin firigo ba ya ƙarewa yadda mai ke ƙarewa a babur. In an ce maka gas ya ƙare, to kafa ya samu ya tsere, kuma wanda ya ƙara maka gas bai nemi kafar ya toshe ba ruwa ya zuba maka a kwando, bayan wata biyu kana nan tafe da kuɗinka.

Na taɓa wuni a rumfar wani dattijo mai gyara a Damagaram, ina kallon yadda ake farautar irin wannan kafa. An kawo masa firigon wata mata a kan amalanke, kwance bisa haƙarƙarinsa. Ya sa aka tsayar da shi aka bar shi ya huta, domin man kwamfuresa ya gangara mazauninsa. Sa'an nan ya ɗura wa bututun iskar gwaji, ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya miƙa wa yaronsa soso, ya ce, "Ɗana, bi gaɓa-gaɓa, ban da gaggawa, inda ya yi kumfa, nan ɓarawon yake." Yaron ya bi bayan duka bai ga kome ba, sai da aka buɗe murfi aka shafa ta ciki, sai ga 'yan ƙwayoyin kumfa na tasowa daga wani rami da bai kai bakin allura ba, kusa da wasu zane-zane na tsinin wuƙa. Dattijon ya yi murmushi, domin ya san labarin tun ba a faɗa masa ba: ƙanƙara ta manne, magariba ta gabato, masu saye na ƙofa, sai uwargida ta ɗauko wuƙa. Ya toshe ramin, ya ɗaura famfon da ke zuƙe iska da danshi daga bututu, ya bar shi yana aiki har muka sha shayi na biyu, kana ya ɗora tulun gas bisa sikeli ya auna abin da zai zuba da giram, kamar mai sayar da zinariya. Ban ga inda ƙarfin damtse ya yi aiki ba a duk wunin, in ban da wajen sauke akwatin daga amalanke.

Shi ne kuma ya nuna mini wani ɗan harafi a takardar da ke manne jikin firigo, wanda galibin masu saye ba su san da shi ba. N na nufin an ƙera akwatin don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T kuwa 43. Na hannun da ake saukewa a tashoshin bakin teku a hauro da su nan, da yawansu don gidajen Turai aka yi su, sun kuma ci zamaninsu a can. In aka sa irinsu a ɗakin kwano a Tanut cikin watan Mayu, lokacin da zafin inuwa ke haura 40, sai kwamfuresa ta yi ta gudu ba hutu har ta ƙone, a ce an yi rashin sa'a.

Dattijon nan da ire-irensa sun riƙe sana'ar da mutunci, amma sana'ar ta canja a hannunsu, har gwanintar yatsu kaɗai ta daina wadatarwa. Gas ɗin da suka koyi aiki da shi, R12, an gano a 1974 cewa irinsa na cinye ozon, watau rufin iskar nan na can sama da Allah Ya sanya kariya daga mugun hasken rana. Aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, aka daina shi a ƙasashe irin namu a 2010. R134a da ya gaje shi bai taɓa ozon ba, amma kilo ɗaya nasa in ya tsere yana ɗumama duniya kamar kilo 1430 na hayaƙin karbon, don haka aka sake zama a Kigali a 2016, ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin rage irinsa da kashi 10 cikin 100 a 2029, su kai kashi 80 a 2045. Sababbin firigo na gida galibi R600a ke cikinsu, ɗan'uwan gas ɗin girki irin wanda SORAZ ke fitarwa, mai kama wuta. Wanda ya kusanto shi da wutar walda bisa sabon da ya yi da tsohon gas, to, sai dai wani ikon Allah. Firigon sola kuma yana da allon lantarki mai sarrafa shi, wanda ba a gane ciwonsa da kunne, sai da mita da karanta littafin maƙera, da Faransanci ko Ingilishi. Ashe yaron da ya yi shekara tara ko goma a lakwal, watau makarantar boko, ya fito ba takarda, wanda gida ke yi wa kallon asara, shi ne daidai mutumin da aikin ke nema.

To, me ya hana su zuwa? Mun gaji wani ra'ayi tun zamanin Nasara cewa amfanin boko kujera ce da alƙalami, wanda ya koma riƙe sufana bayan ya zauna aji faɗuwa ya yi. Har uba ya gwammace ɗansa ya shekara biyar a fadar samari yana dafa shayi yana jiran aikin gwamnati da a gan shi da baƙin mai a riga. Ga hanyar arewa kuma tana kira: tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014, saurayin da ya ga tsaransa ya komo da sabon babur ba ya jin daɗin a ce ya zauna shekara uku yana wanke sufanu a rumfar wani. Rumfar ma tana da nata laifi, domin wasu iyayen gida aike suka fi sa yaro bisa ga koyarwa, suna ɓoye sirrin aiki don tsoron kada gobe ya kafa tasa a gabansu. Makarantun fasaha irin su Ɗan Kasawa ta Maraɗi da EMIG ta Yamai suna nan, da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a. Amma ga ɗan makiyayi mai bin ruwa da ciyawa Maraɗi wata duniya ce, kuma wanda ya je ya koyo da wuya ya komo inda ba kwalta.

Da a ce ƙanƙarar buɗe-baki ce kaɗai ke cikin akwatin, da sai a ce marmari ne, a bar wa mai hali. Amma ruwan rigakafin yara galibinsa tsakanin digiri 2 da 8 ake so ya zauna a ɗakin magani har ya kai cinyar jariri. Na ƙyanda da na shan-inna zafi ke kashe su, na ciwon hanta kuwa daskarewa ke ɓata shi, kuma abin da ya fi ban tsoro shi ne matacciyar kwalba da mai rai kamarsu ɗaya, in ban da ɗan tambarin da ake manna mata, murabba'i a cikin da'ira, wanda ke yin duhu in zafi ya daɗe a kanta. Sai mace ta yi tafiyar wuni bisa jaki ta kawo ɗanta, a tsira masa allura, ta koma ruga da natsuwa, alhali da shi da wanda ba a kawo ba duk ɗaya ne. Allurar oksitosin da ungozoma ke yi wa mai haihuwa don tsayar da jini ita ma sanyi take so. Haka rigakafin ciwon huhun shanu, wanda dukiyar Damargu ta rataya ga irinsa. Dattawan makiyaya sun gaji labarin bushiya, wadda ta share garkunan waɗannan ƙasashe wajen 1890, ba a kuwa yi shelar ƙarewarta a duniya ba sai 2011, bayan an samo rigakafi mai jure zafi da ake iya kaiwa ƙuryar daji ba ƙanƙara. Irin wannan togaciya ce. Sauran duka amana ce a cikin akwati.

Saboda haka nake ganin an rage wa sana'ar nan daraja da aka ajiye ta a sahun neman na tuwo kawai. Malaman fiƙihu sun raba wajibi gida biyu, akwai wanda ke wuyan kowane baligi, akwai kuma farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kuwa laifi ya game gari. Imamu Gazali cikin Ihya'u ya sa likitanci da lissafi a wannan babi, ya haɗa da noma da saƙa, har da ƙaho da ɗinki, bisa hujjar cewa zaman jama'a ba ya daidaita sai da su. Ni ba mai fatawa ba ne, amma in wanzami mai ƙaho ya sami wannan matsayi, ban ga abin da zai hana mai tsaron sanyin maganin jarirai ya same shi ba. Da limamai za su ambaci haka bisa mumbari ko sau ɗaya a shekara, da ya fi ratsa zukatan iyaye bisa ga allunan da ƙungiyoyi ke kafawa a bakin hanya.

Kifaya kuwa ba ta ware mata ba, a nan ma nake so in ɗan jima. In ka ƙidaya firigon da ke aiki a garuruwanmu, ka cire na likita da na shaguna, za ka tarar sauran a cikin gidaje suke, a hannun mata: su ke ƙulla ƙanƙara da zoɓo da lamurje da kindirmo, da kuɗin suke zubin adashi, da shi suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. A gidan da aka rubuta ba shiga a zaure, ko ba a rubuta ba al'ada ta rubuta, namiji baƙo ba ya wucewa sai maigida na nan, maigida kuwa ya tafi ci-rani. Saboda haka ciwon da za a warkar kafin shayi ya tafasa, kamar ƙurar da ta lulluɓe bututun baya, ko robar murfi da ta saki, ko ɗan makunnin kwamfuresa da ya ƙone, sai an nemo masa ƙarti huɗu da amalanke, a kwantar da akwatin a jijjiga shi bisa hanya, a ƙara masa wani ciwon. Mace mai jakar kayan aiki sallama kawai za ta yi ta shige har ƙuryar ɗaki, ta yi gyara, ta zauna bakin gado ta gaya wa 'yar'uwarta ta daina sa wuƙa, ta janye akwatin daga jikin bango, ta bar abinci ya huce kafin ta sa. Kasuwa ce sukutum wadda babu namijin da zai yi gasa da ita a ciki.

Akwai kuma maganar nono, wadda ta fi shafar ƙasar Tenhiya. A al'adar makiyaya, saniya ko ta wa ce, nonon na mace ne: ita ke kaɗa shi ta fid da mai, ita ke kai shi kasuwa, ita ke shanya cuku bisa tabarma, wanda shi ma dabarar ajiya ce ta mutanen da ba su da sanyi sai rana. Da damina nono ya yi yawa har a rasa mai saye, birni kuwa yana can yana dama garin madarar da aka shigo da shi daga Turai. Ran da tankin sanyaya madara mai aiki da sola ya iso bakin rijiyoyin nan, kamar yadda aka kafa wuraren tara madara a Hamdallaye da Kollo kusa da Yamai, abin dubawa shi ne hannun wa makulli zai faɗa. Domin an sha gani, in sana'ar mata ta sami inji ta soma kawo kuɗi masu kauri, sai a wayi gari ta koma hannun maza, a bar mata da wankin ƙwarya. Abin da zai hana haka shi ne wadda ta san cikin injin ta kasance 'yar ruga. Mai ganin wannan mafarki ne ya tuna cewa Niger-Lait, ɗaya daga manyan masana'antun madara na ƙasar nan, mace ce ta kafa ta a Yamai a 1994, Madam Zeinabou Maidah.

Uzurin da ake bayarwa a nan an ba da shi a wasu ƙasashe kafin mu. A Amurka, Mary Engle Pennington, wadda aka haifa a 1872, da za a nema mata shugabancin ɗakin binciken abinci na gwamnati sai aka rubuta haruffan farkon sunanta kaɗai don kada masu zaɓe su gane mace ce. Ita ce kuwa daga baya ta riƙa bin taragun jirgin ƙasa masu sanyi tana auna zafinsu lungu-lungu, har ta kafa ƙa'idojin ɗaukar ƙwai da kaji. Ana cewa aikin na da nauyi. Na riga na faɗi abin da na gani a rumfa, kuma macen da ke daka turmi uku kafin hantsi ba a tsorata ta da sufana. Ana cewa za ta yi aure ta tafi da iliminta. To, ina za ta kai shi in ba wani gida na wannan ƙasa ba, alhali saurayin da aka koya wa Agadas ko Tamanrasset yake hange? Uzuri guda na yarda yana da nauyi: babu uban da zai saki 'yarsa ta wuni ita kaɗai a rumfar samari, ko ta kwana a garin da ba ta da kowa, ba kuwa zan ce ya yi laifi ba. Maganin wannan magabata sun riga sun nuna shi, sa'ad da Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da dattawan mata, waɗanda ake kira jaji, ta aike su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu. A fara da 'yan kaɗan, har da matan aure da zawarawa, biyu-biyu daga gari ɗaya, su kuma su zama malaman na baya.

Kada kuma a kwashe su zuwa babban birni a zaunar da su kwana biyar, a ba su takardar shaida da kuɗin zama, a ce an horar. Mun ga irin wannan mun gaji. A kawo koyarwar Tanut da Belbeji, a yi ta da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a kan matattun firigo na gaske. A haɗa ta da aikin sola, domin a ƙauye firigo kaɗai ba ya ciyar da mai gyara, amma wanda ya iya allo da batir da famfon rijiya da firigo ba ya kwana da yunwa. A sallami kowa da mita da agogon awon matsi da famfon zuƙe iska da sikeli, ko da bashi ne, domin wanzami ba zabira ɗan kallo ne. Irin wannan tunani ɗan gida ne. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun 1969, yana kira ga ilimin da ke haɗa kai da hannu, a kuma bayar da shi cikin harsunan gida. A Tasawa aka haife shi, ranar 26 ga Yuni 1929. Ita ce kuwa ranar da masu wannan sana'a a duniya suka keɓe wa aikinsu tun 2019, ko da yake su haihuwar wani masanin Birtaniya, Lord Kelvin, suke tunawa.

A wani ɗakin shan magani na daji da na taɓa sauka, firigo biyu na tarar. Ɗaya tsoho ne mai aiki da kananzir, ya mutu tun ba a tuna shekarar ba, majo, watau shugaban ɗakin maganin, ya mai da shi kabad yana ɓoye rajista da sukarin shayi don tsoron ɓera. Ɗayan sabo ne, na sola marar batir, irin wanda ke daskarar da ruwa a jikin bangonsa da rana ya yi ta cin wannan ajiya da dare. Abin da yake nema kawai a goge masa alluna, musamman da hunturu in ƙura ta rufe su, a kuma rubuta zafinsa a takarda safe da yamma. Wata yarinya 'yar maigadi, da ba ta wuce shekara 14 ba, wadda ta gama firamare aka rasa inda za a kai ta, ita ke hawa da tsumma tun rana ba ta yi zafi ba, ta sauko ta leƙa ɗan gilashin lamba. Majo, daga bakin ƙofa da buta a hannu, ya ce, "'Yata, nawa ya nuna?" Ta ce, "Biyar, Baba." Ya ce ta rubuta. Na tambaye ta ko ta san abin da ke sa shi sanyi. Ta ce ta taɓa kara kunne ta ji wani abu na gudu a ciki kamar ruwa, ta kuma lura bayansa na yin zafi daidai lokacin da cikinsa ke sanyi, amma ba wanda ya gaya mata dalili. Na ce, to, in wata rana ya nuna goma sha biyar fa? Ta dubi majo, ta dube ni, ta ce, "Sai a kwashe alluran a sa a akwatin ƙanƙara, a hau tudu inda ake samun rezo, a buga waya birni. Sai mu jira."